Izu Goma Sha Biyu da Takalmin Yaya

Talata, bayan asuba. Saura kwana arba'in.

Da sunan Allah. Ni ne Babban Koci, mai horar da zakarun gudun fanfalaki na duniya, wanda lambobin zinare suka yi wa yawa har ƙusar bangon ɗakinsa ta lanƙwashe. Sau uku ana aiko mini da jirgi ina cewa ba ni da lokaci. Ina wannan rubutu ne sanye da kwat ruwan toka mai maɓalli uku. Duk wanda ya ce kwat ɗin ta wani ma'aikacin banki ce da ya kawo guga tun makon jiya, maƙiyi ne.

Na sauko daga matsayina ne saboda ɗalibi ɗaya. Auta ake ce masa, mai guga ne a shagon wanki na bakin titi, shekararsa ashirin da ɗaya, ƙafafunsa kamar an miƙar da hanga biyu. Tun da yake bai taɓa gudu ba sai in ya tsokani wani an biyo shi. Ya zo yana roƙona in shirya shi ya yi kilomita arba'in da biyu ranar babbar gasa. Na tambaye shi dalili, ya ce haka kawai. Na ce to.

Littafin nan na yayansa ne. Shekara biyu Yaya yana cika shi don wannan gasa: rana, lokaci, kilomita, minti. Ba labari, ba wasa. Layinsa na ƙarshe wata Alhamis ce, kwana goma sha biyu da suka wuce. Ya sa rana da lokacin fita, ya bar sauran layin don ya cike in ya dawo. Na tsallake shafi biyu na fara daga nan.

Yau: daga gida zuwa gada da dawowa. Ɗalibi ya yi amai sau ɗaya a gindin falwaya.

Laraba, hantsi. Saura talatin da tara.

Matsala ta farko, ba agogo. Na Yaya ya fashe, ya tsaya a shida saura minti takwas. Yana cikin kwalin takalmi, ba mai taɓa shi.

To amma shi ya sa ake kiran Koci babba. Ɗalibina bai yi boko ba, ko wannan baƙin rubutu Yaya ne ya koya masa a bayan takardun shago. Abin da yake da shi a ka shi ne hadda, izu goma sha biyu, da bulalar Malam ta kafa su daram. Littafin Yaya ya ce daga gida zuwa gada kilomita uku ne. Na sa ɗalibi ya yi ta tilawa a zuci yana gudu, sai ga shi izu ɗaya cif ya kai shi gada. Shi ke nan, an samu agogo kuma an samu ma'auni: izu ɗaya, kilomita uku. Ba batir, ba caji.

Na lissafa masa: gasa izu goma sha huɗu ce. Ya ce ai nasa goma sha biyu ne. Na ce sauran biyun ya je ya ranto wajen Malam.

Wani amfanin tilawar, kai ba ya zama wayam. In baki yana aiki a ciki, kunne ba ya jin wasu abubuwa.

Takalmin Yaya ya yi masa yawa. An cusa tsumma a gaba.

Juma'a, bayan asuba.

Izu biyu. Ruwan ƙafa ya fito a dunduniyata. Dunduniyar ɗalibi nake nufi.

Lahadi, ƙarfe tara na safe. Saura talatin da biyar.

Izu huɗu, ta titin masana'antu. Ran Lahadi ba kowa a can sai masu gadi da ledoji.

Da, ran Lahadi ce ranar doguwar tafiyar Yaya, Auta kuma shi ne mai bin sa a keke da gorar ruwa. Aikinsa ruwa ne kawai, amma bakinsa ba ya hutawa. Zai yi muryar mai sharhin wasanni ya ce ga shi nan jama'a, ga tsohon nan ya taho, kunkuru ya wuce shi, kunkurun ma da ciwon baya. Yaya ba ya tankawa, sai dai ya ɗaga yatsa ɗaya, wato zan kama ka a gida. Wani lokaci dariya ta ƙwace masa numfashinsa ya watse, ya tsaya ya dafa gwiwa yana cewa Allah ya shirye ka, Auta.

Yau ba keke. Ɗalibi ya riƙe gorarsa da kansa, tana ƙuc-ƙuc har gida.

A dawowa dole a bi ta kwanar Baba mai faci. Karensa Sufeto, wanda aka sa wa sunan saboda ba tayar da za ta shigo bai shinshine ta ba, yana ɗaure da sarƙa a jikin tsohon wili. Tun waccan Alhamis yake ɗaure. Mai babur ɗin da ya buge Yaya ya ce shi dai ya ji haushi sau biyu, sai ga mutum ya yi tsalle ya faɗo masa titi. Kowa a unguwa ya san Yaya da tsoron kare, tun yana ɗan shekara bakwai da wani ya bar masa tabo a sha-raɓa. Kuma kare ɗaya ne a kwanar. Lissafi ya fita.

Sufeto bai yi wa ɗalibi haushi ba. Ya ɗago kai ya bi shi da ido har ya sha kwana.

Alhamis.

Ba gudu ran Alhamis. Dokar Koci ce, ba a tambayar dalili.

Litinin, bayan azahar. Saura ashirin da bakwai.

Koci ya kai ziyarar bazata wurin aikin ɗalibi. Ɗaki ne ƙunci, teburin guga biyu, kaya a rataye har suna shafar kai, ƙamshin sitati da tururi. Maigida yana bakin ƙofa yana rubuta lamba a wuyan riguna.

Wata mata ta zo karɓar labule da 'yarta mai rigima. Maigida ya ce Auta yi mata kukan kyanwa mana ta yi shiru. Aka yi mata, ta yi shiru. Sai ya juya ga matar yana ba ta labari, wai wannan da kike gani ba abin da ba ya kwaikwaya, ya taɓa yin muryar mai kuɗin wuta a waya ya sa shi maigidan ɓuya a bayan kayan wanki rabin awa. Ya ce amma gwanintarsa kare, in ya yi haushi har karnukan gaske amsawa suke. Auta, yi mata ta ji.

Ɗalibi ya ce maƙogwaronsa na ciwo.

Maigida ya ce kwana biyu dai ka zama liman, ko tsokana ɗaya babu, shagon ma ya yi sanyi. Ana cikin haka aka ji ƙauri. Farar riga ce, hoton dutsen guga ya fito a bayanta raɗau.

A gida, Yaya yana falo a kan katifa, saboda matakalar ɗakinmu ta fi ƙarfinsa yanzu. Ƙarafa sun fito ta ƙafarsa ta dama, Umma tana rufe su da zane in baƙi za su shigo. Yana magana da Umma. Yana magana da abokan ofishinsu, har ya yi musu murmushi. Auta in ya kawo ruwa, sai a nuna masa tebur da haɓa.

Ɗakin sama ya yi girma. Gado biyu, mutum ɗaya.

Laraba, bayan asuba.

Izu biyar. Ba wanda na gani sai mai sharar titi. Na yi mata sallama ta amsa, na ji daɗi fiye da kima.

Asabar, la'asar. Saura ashirin da biyu.

An samu juyin mulki. Umma ta hau shara ta ga littafin a ƙarƙashin matashin ɗalibi, ta ce ai wannan na yayanka ne, me yake yi a nan, ta sauko da shi ta ajiye kusa da magungunansa. Ita ba ta karatun boko, ba ta san Koci yana ciki ba.

Sai da Yaya ya yi barcin rana aka shiga da sanɗa aka ɗauko. Na zauna na yi tunani irin na manya. In an ɓoye, Umma za ta tambaya. In an yage shafukan, za a ga wurin. Hukuncin Koci: a rubuta, a mayar inda aka ɗauko. Yaya bai buɗe littafin nan ba tun ranar, me zai sa ya buɗe yanzu.

Umma ta tsare ɗalibi a kicin ta ce wai me ya haɗa ka da yayanka ne, kai da ka fi kowa yi masa ƙoƙari. Ta ce har yau mutane suna yaba yadda ya riga kowa isa wurin, ya tallabe kan ɗan'uwansa har mota ta zo. Haka ne, sun yaba. Ba wanda ya tambaya me ya fito da Auta da asubar Alhamis, alhali ran Lahadi kawai yake rakiya.

Lahadi, ƙarfe goma da rabi. Saura ashirin da ɗaya.

A buga ganga. Izu goma cur, kilomita talatin, daga gida zuwa tankin ruwa na bayan gari da dawowa. Ƙarshen tafiyar ƙafa tana ja kamar ta aro, amma baki bai tsaya ba. Yaya sai da ya shekara ɗaya da rabi kafin ya yi talatin. Ɗalibina kwana goma sha tara. Wannan shi ake kira horo.

Ba wanda zan gaya wa, shi ya sa na rubuta da manyan baƙaƙe. TALATIN.

Litinin, bayan asuba. Saura ashirin.

Na ɗauko littafin na buɗe, sai na zauna a kan matakala.

An ja layi da fensir a kan TALATIN. A gefe, da ƙananan baƙaƙen nan masu karkata hagu da na sani tun ina koyon abacada, an rubuta:

"Tanki da dawowa 21 ne. In ka gaji ƙafa tana rage sauri, baki ba ya ragewa. Izunka na ƙarshe ko kilomita biyu ba ya kaiwa. Fara a hankali. Sha ruwa tun kafin ka ji ƙishi."

Na karanta ya fi sau goma. Kilomita tara sun zube daga aljihuna a layi ɗaya, amma ban damu da su ba. Kwana talatin da biyu ke nan, wannan ce magana ta farko. Ba suna a sama, ba Auta, ba Koci. Amma ni aka yi wa.

Da na kai masa shayi na tsaya ina jira ko zai ɗago. Ya nuna tebur da haɓa.

Ya karanta duka ke nan. Har da Sufeto. Har da maƙogwaro.

Alhamis.

Ba gudu.

Lahadi, hantsi. Saura goma sha huɗu.

Na bi hanyar da fensir ya zana mini jiya, da alamomi: gada 3, gidan mai 8, tanki 10 da rabi, makarantar kurame 14. Na je na dawo, rabin dawowar da tafiya. Karatuna ya ƙare a dawowa, tun kafin gada. Na koma farko, ya riƙa zamewa.

Fensir ya ce: "Yanke farce. Canja tsumman gaba, yana cin yatsa."

Talata, bayan magariba. Saura goma sha biyu.

Baba mai faci ya tsayar da ni yau. Ya ce zo ɗana ka huta, kullum kana wucewa kamar an biyo ka. Ya tura mini tsohuwar taya na zauna, ya tambayi jikin Yaya. Yana magana yana tsoma tub a baho yana neman inda kumfa ke fita.

Ya ce manyan unguwa sun sake zuwa. Sun ce yara suna bi ta nan zuwa makaranta, ba za a jira na biyu ba. Wani ɗan'uwansa mai gona zai zo ya tafi da Sufeto, Litinin ɗin bayan gasa, in an buɗe hanyoyi. Ya ce shekara tara suna tare, tun rasuwar mai ɗakinsa shi ne abokin hirarsa, kuma bai taɓa jin ya yi wa mai gudu haushi ba, ko ɓarawo sai ya ga dama. Sai ya ce amma dabba ce, wa ya san abin da ya gani ranar. Ya ce in roƙa masa gafarar Yaya.

Shi yake roƙon gafara.

Sarƙar ta cinye gashin wuyan Sufeto, wurin ya yi ja. Na miƙa masa hannu ya lasa.



Alhamis.

Ba gudu. Na tashi duk da haka. Na zauna a gadon Yaya har gari ya waye.

Lahadi. Saura bakwai.

An kai Yaya asibiti jiya an dawo. Na ji abin da likita ya gaya wa Umma a bakin ƙofa game da gudu. Ba zan rubuta ba.

Ga shirin da yake raina tun ranar farko, bari in faɗa. Duk wanda ya kai ƙarshe ana rataya masa lambar yabo a wuya. Zan sa lambar ƙirjin da aka ba Yaya da ya yi rajistar gasa, in kai, in karɓo, in ajiye masa a kan tebur kusa da magani. Sunansa zai fito a jerin waɗanda suka gama. Daga nan ba sai an yi wata magana ba.

Asabar, la'asar. Saura ɗaya.

Fensir ya amsa, a ƙarƙashin shirin nawa:

"Kar ka taɓa lambata. Wanda zai yi gudu ya yi da sunansa."

Na duba kwalin takalmi. Agogo yana nan, lambar ba ta nan. Na hango gefenta a ƙarƙashin matashinsa.

To me ya rage? Ba lamba a ƙirji, ba lamba a wuya. Na goge riga goma sha bakwai ina wannan tambaya. Zan je dai. Ban san abin da zan yi da safiyar gobe ba in ban je ba.

Lahadi, bayan magariba.

Na tsaya can baya, bayan kowa, a gefen titi inda 'yan kallo suke. Dubban mutane, kowa da lambarsa, kowa da mai ɗaukarsa hoto. Da aka tashi na bar su suka yi gaba na bi gefe-gefe. Na fara a hankali. A teburin ruwa na farko kunya ta hana ni miƙa hannu, sai wata mai rabon ruwa ta bi ni taku uku ta cusa mini kofi ta ce sha, ƙanena, ba a tambayar lamba a nan.

Izu shida na farko lafiya lau. A na tara cinyoyina suka fara magana. Na goma sha biyu ya ƙare daidai allon da aka rubuta 28. Na koma farko, ya ƙi. Harshena ya kwanta kamar tsumma. Saura goma sha huɗu, titi ya miƙe fetal, na gabana ya yi nisa, na bayana ban gan shi ba, kuma ba komai a kaina.

Sai abin ya zo, yadda na san zai zo. Asubar Alhamis, bayan kwantenar mai faci, sanyin ƙarfe a kafaɗata. Takun Yaya yana matsowa, tas, tas, tas. Na cika ƙirji. Haushi sau biyu, mai kyau, wanda ban taɓa yin kamarsa ba. Na ga ya daka tsalle, na fashe da dariya. Ina cikin dariyar na ji birki. Bayan nan takalmi ɗaya a tsakiyar titi, igiyarsa a ɗaure. Wannan da ke ƙafata ta dama yanzu.

Kilomita goma sha huɗu na yi da shi. Wani wuri gudu, wani wuri tafiya, wani wuri na dafa falwaya. Ya ƙare ya sake farawa, ya ƙare ya sake farawa.

Da na isa ana kwance rumfuna. Wani yana naɗe kafet ya ce an tashi, samari. Na ce na sani. Na taka inda layin yake na juyo.

Na shiga falo da takalmin a hannu. Umma tana kicin. Yaya ya dubi ƙafafuna, ya dubi fuskata, ya yi magana da bakinsa.

"Nawa ka yi?"

"Duka."

"Izu nawa?"

"Sun ƙare a ashirin da takwas."

Ya gyaɗa kai kamar dama haka ya lissafa. Na durƙusa a bakin katifar.

"Yaya, ba Sufeto ba ne."

"Na sani. Na ji dariyarka kafin in ji babur."

Na jira ya ɗaga yatsa ɗaya. Bai ɗaga ba. Ya ce mako bakwai yana kwance yana jira in faɗa da bakina, ni kuma na tafi ina zagaye gari da takalminsa. Ya ce ƙafarsa tasa ce, zai san yadda zai yi da ita da ni, ba yau ba. Amma akwai tsoho da karensa.

Ya juya fuskarsa bango. Umma tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ban san tun yaushe ba.

Litinin, hantsi.

Na riga mai gona isa. Na gaya wa Baba mai faci a tsaye, ban zauna a taya ba. Ya daɗe yana kallon bahon ruwa. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya miƙo mini makullin sarƙar ya ce kai za ka kwance, kuma kai za ka bi gidajen manyan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Na bi huɗu, saura biyu. A gida na uku an ce in yi haushin a ji, don a tabbatar. Na yi.

Umma ba ta yi mini magana ba tun jiya. Ta dai ajiye mini ruwan zafi da gishiri a ƙasan matakala.

Da na dawo na tarar Yaya ya jawo sandunansa yana ƙoƙarin tashi. Bai kira ni ba, bai kuma hana ni ba. Na sa kafaɗa. Daga katifa zuwa ƙofar falo, muka huta, muka dawo. Da ya kwanta ya nuna littafin da haɓa ya ce a rubuta.

Litinin, ƙarfe goma da kwata. Taku ashirin da biyu. Mutum biyu.

Saura abu ɗaya. Babu wani Babban Koci. Ba jirgi, ba zinare, kwat ɗin ma mai ita ya karɓe tun makon farko, har ya yi ƙorafin tana warin zufa. Wanda ya rubuta wannan tun daga shafin farko ni ne, Auta, mai guga, ƙanen mai littafin, mai izu goma sha biyu, wanda ya yi haushi a kwanar mai faci ranar Alhamis da shida saura minti takwas. Yaya, in akwai kuskure a lissafin, ga fensir nan na feƙe maka.